Kiran Salla a Kunnen Ɗan Tabita

A tashar Yankara wani fasinja ya tambayi direba dalilin wanke kujera.

"Wata ce ta haihu a kai jiya, Alhaji, kafin mu isa Faskari. Mata suka miƙo mani jaririn, na yi mashi kiran salla a kunne."

"Ka kyauta."

"Sai a asibiti na ji sunanta Tabita. Mijinta Ishaya, mai wa'azi a coci."

"Subhanallahi! Ka faɗa mashi?"

"Na faɗa."

"Me ya ce?"

"Ya ce na farinsu bai zo da rai ba. Sai ya tambaya wai wannan ya ji ni?"

"Ka ce me?"

"Na ce har ihu ya tsala. Sai mutumin ya rungume ni."