Mahamudu Mai Keke da Ƙofar da Ban Buɗe Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Limaminmu Malam Abukari, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiyarmu Alhaji Nata'ala, ranka ya daɗe. Hajiya Amamata, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yanmu Yusif da Fusena. Dattawanmu na nan Tottenham, da 'yan'uwa da suka taso daga Stratford da Camberwell cikin wannan ruwa: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Uwaisu, likita ne ni, Bakano. An ce in yi magana a addu'ar arba'in ɗin Mahamudu saboda shekara goma sha huɗu muna tare. Na rubuta jawabi, yana aljihuna, amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya, kuma ba na jin zan iya karanta shi.

Ya kasance makanike a garejin bas, ɗan zangon Kumasi, hannunsa kullum da baƙin mai. Ya kasance idan ɗayanmu ya rasu, shi ke wankan gawa, shi ke ɗinka likkafani, shi ke bin council, hukumar unguwa, da takardu har a samu kabari. Ya kasance kuma, mu faɗi gaskiya, mai ƙafar yawo. Mu idan hutu ya zo sai mu yi booking ɗin jirgi mu nufi gida. Shi sai ya ɗaure tanti da buta da garin rogo da shito, yajin nan nasu na Kumasi, a bayan keke, ya miƙe arewacin Scotland, inda ba ka ganin kowa sai tumaki da duwatsu. Mun yi masa tsiya har muka gaji: mutum da furfura yana taka keke kamar ɗan makaranta! Sai ya yi dariya ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Sau ɗaya na bi shi, a 1987, kwana huɗu, ban ƙara ba. Iskar wurin, kana gangara kana taka feda da ƙarfinka, amma kamar an riƙe ka ta baya. Ta fizge mini hula, ta kifar da butar alwala, darduma sai da muka danne ta da duwatsu kafin mu yi sallah. Ni ina zagin kaina, shi yana waƙa. Na ce, "Wai me kake nema a nan?" Ya ce, "Likita, London ya cika min ƙirji. Nan ne nike numfashi."

Duk kun san al'adarsa. Kafin kowace tafiya sai ya bi mu gida-gida, ya tsaya bakin ƙofa riƙe da kekensa: "Zan yi tafiya, a yafe min." Yadda kakanninmu ke yi idan za su Makka a ƙasa. Mu ce mun yafe, ya ce shi ma ya yafe, ya wuce gida na gaba. Bai taɓa barin garin nan da saura ƙofa ɗaya ba.

Hajiya, yanzu zan faɗi abin da ba ki sani ba. A watan Mayu ya zo wurina yana haki. Na auna zuciyarsa, na ji abin da ban so ba. Na ce bana babu keke. Ya ce wannan tafiyar ce ta ƙarshe, ya kuma roƙe ni kada ki ji. Raina ya ɓaci, na ce, "In ka tafi, kada ka zo ƙofata, ba zan yafe ba." Dabara na yi. Na ɗauka idan na hana shi yafiyata, na ɗaure masa ƙafa ke nan.

Ya zo. Ranar Asabar da hantsi ya buga ƙofata sau uku, ina tsaye bayan labule ina kallonsa. Ya jira, ya ƙara ɗaure igiyar tanti, ya sake bugawa. Ban buɗe ba, ina ce wa kaina yanzu zai fasa. Sai ya hau kekensa.

Bayan kwana goma sha ɗaya, wata tsohuwa mai kiwon tumaki kusa da ƙauyen Durness, can arewacin Scotland, ta ga tanti har azahar ba a naɗe ba. Ta leƙa ta same shi ya cika, carbi a hannu, keke a kwance a waje.

Da-na-sani ƙeya ce. Kwana arba'in ke nan ina jin bugun ƙofar nan. Tsohuwar ta tsinci wannan kati a jakarsa da adireshina, ta kai gidan waya. Ku saurara: "Likita, iska ya yi ƙarfi amma keke na lafiya. Na ga ƙafanka ƙarƙashin labule. Ni na yafe. Naka ina jira, sai na dawo."

Yusif, Fusena, na san kuna jin Hausa ko da da Turanci kuke amsawa: ubanku bai tafi da fushin kowa ba. Hajiya, in kin ga laifina kina da gaskiya, ki yafe mini ranar da za ki iya.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka dafa, da waɗanda suka je har arewa ɗauko shi. Malam, kafin ka ɗaga hannu, bari in amsa masa. Mahamudu, na yafe, duniya da lahira. Wallahi tun kana bakin ƙofar na yafe.

Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya buɗe masa ƙofar rahama tun bugu na farko. Fatiha.