Likitan da Ya Zaɓi Tsargiya

Assalamu alaikum. Mai girma sufurefe, mai martaba sarki, liman da malamanmu, ma'aikatan likita, Inna Marka da ta haife shi, Balaraba uwar 'ya'yansa, jama'ar Madarumfa, sannunmu da haƙuri. Ni ne Garba. Rana ɗaya aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, da Dokta Lawali Abarshi, shi ya sa aka ce in yi magana yau da ya cika kwana arba'in.

Ya kasance mutum mai wuyar zaɓi. Ko a kasuwa sai ya gwada hula goma ya tafi kai ba hula. Da ya kai shekara ta biyar yana karatun likita a Dakar, abokansa duk sun kama hanya, wannan fiɗa, wancan ido, shi kuwa duk sashen da aka kai shi sai ya ce nan zuciyarsa take. Wani malaminsa ya yi masa tayin bincike kan ciwon zuciya, da alkawarin tafiya Faransa, ya ba shi hutun 1969 ya yi shawara. In ya ƙi, wani zai ɗauka.

A wannan hutun, a bakin tabki, ya ji wani uba yana alfahari ɗansa ya fara fitsarin jini, wai ya zama namiji. Kada mu ɓoye, haka muka ɗauka dukanmu, har da ni mai koyar da yara. Lawali ya rubuta wa malamin cewa ya gode, shi a kan tsargiyar garinsu, wato ciwon fitsarin jinin nan, zai yi bincike. Na yi fushi da shi ƙwarai, na ce ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Ya kasance mai jure dariya. Shekara biyu yana bin gida-gida da kwalabe, yana tsintar dodon koɗin da ke yaɗa tsutsar ciwon cikin laka. Muka ce an tura shi ya zama likita ya dawo mai tara fitsari. Ran wata kasuwa ya kafa madubin likita a kan tebur, ya kira Dogo sarkin ruwa, ya ce ya leƙa. Dogo ya daɗe yana kallon ƙwan tsutsar cikin fitsarin jini, sannan ya ɗago ya ce, "Ashe tsutsa muke yi wa barka." Washegari shi da kansa ya jawo 'ya'yansa bakwai a duba su.

Ya kasance bai bar mu da magana kawai ba. Da wannan binciken aka kawo magani, aka gina rijiyoyi uku. A ajina, da cikin yara sittin, arba'in da takwas ne ke da ciwon. Bana huɗu ne. Faransar da ya ƙi zuwa, daga can aka riƙa aiko ɗalibai su koya a hannunsa.

Inna, kin sha tambayata wane irin likita ɗanki ya zama, tun da har ya rasu bai tsaya a fanni ɗaya ba. Dubi bayan rumfar nan, ga yaran ajina a tsaye, lafiyayyu. Balaraba, ki faɗa wa yaranki mu muka yi wa ubansu dariya, kuma mu ne yau muke kuka.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Mu yi masa Fatiha.