Tudun Kaya Kore Shar

A tashar Karaye, Malam Gwadabe, manomin gyaɗa, ya leƙa kwamfutar matar da ke gefensa.

"'Yata, wannan taswirar fa?"

"Ta ofishinmu ce, Baba. An sabunta manhajar. Ƙauyen da amfanin gona ya yi kyau yana fitowa kore, wanda ya lalace ja. Masu ja ake ba irin shuka."

"Duba min ƙauyenmu, Tudun Kaya."

Ta danna. "Kore shar."

"Gyaɗarmu kuwa fari ya ƙone ta."

"To, ba a turo rahotonku ba ke nan. A da toka-toka irinku ke fitowa, sai Oga ya ce yana ɓata allo, aka mayar da su kore."

Gwadabe ya daɗe yana kallo.

"Ƙara girmanta, 'yata. Bana ban ga gonata haka ba."