Injin Goge Katako Mara Ƙara

A wata rumfar kayan kafintoci a Kasuwar Creek Road, wani saurayi, Kure, yana jujjuya injin goge katako.

"Malam, wanne ne mai araha, mara ƙara?"

"Samari, duk daga Ingila suke, amma mai araha sai unguwa ta ji shi. Maƙwabta suka dame ka?"

"Babana ne kwance. Likita ya sallame mu, ya ce ba sauran abin yi."

"Allah ya sawwaƙe. Me kake haɗawa da gaggawa haka?"

"Akwati," in ji Kure a hankali. "Mu Kirista da shi muke binnewa."

Mai rumfa ya karɓe injin. "To, ɗauki samfefa, takardar goge katako, ka goga da hannu. Ba mai ji."

"Shi zai ji, Malam. Kafinta ne. Daga tsawon gugar zai gane akwatinsa ne."