Folda Goma Sha Huɗu, Saura Gem Arba'in

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyarmu ta masu gidajen gem da masu turi ga waya ta Bagudo, Alhaji Namadi, Allah shi ƙara girma. Dattawan da sunka taso tun daga Kaoje da Zagga da Lafagu. Sakatare Malam Zayyanu mai takardar makaranta. Da sauran jama'a har da waɗanda sunka zo don zoɓo kawai, ina gaishe ku. Ni ne Ango Mai-Gem, wanda bai sanni ba to baƙo ne.

Na gode da anka ba ni wagga dama, don an daɗe ba a ba ni ba, an san in na kama abin magana sai an ƙwace.

Abin da ya tara mu shi ne shawarar sakatare, cewa kowa shi kawo memorinshi a haɗe tsofaffin gem ɗinmu wuri guda, a tsara su irin na 'yan boko. To ku ji abin da ya faru da tawa kafin ku ɗaga hannu.

Na farko, ku tuna yadda anka tara su. Shekarar da anka kafa Shari'a, ba wanda ya ce a zubar da gem, amma tsoro ya sa wasu cikinku sunka kwashi kaset buhu-buhu sunka zuba ga gulbi. Ina ganin fuskokinku, ba zan kira suna ba. Ni ko na ɗauki mashin, na zaga garuruwanmu, na ƙetare Tsamiya na shiga har Segbana ta ƙasar Benin, na bi gida gida, ni da marigayi Ɗanliti abokina, muna roƙon a bari mu kwafe. Na dambe, na tseren mota, na ƙwallo, na jirgi mai harbi. Shekara da shekaru muna yi, rana ta dake mu, ruwa ya dake mu, jandarma ya tsare mu ya tambaye mu da Faransanci munka amsa mishi da murmushi.

Na biyu, yadda na aje su. Ni ban iya rubutu ba, kowa ya sani, sunana ma in na rubuta sai mai karantawa ya tambaye ni wane ne. Amma na iya lamba. Saboda haka kowane gari da munka samo gem, na buɗe mishi folda tashi, Ɗanliti ya rubuta sunan garin, ni kuma in ɗaure kowane gem cikin zif, wato ƙunshin kwamfuta, in sa mishi lamba, ɗaya zuwa arba'in. Folda goma sha huɗu. Ka zo ka ce mini kana son na damben nan mai jan wando, ido rufe in ce maka Kaoje, sha tara. Shekara ashirin ban taɓa ɓata ba, kwamfuta ma tana jin kunyata.

Watan jiya anka ce a fara gwaji da tawa don ita ce babba. Daɗin yabo ya kwashe ni, na miƙa, ko kwafi ban aje ba, wannan laifina ne na ɗauka. Malam Zayyanu ya duba ya ce wannan tsarin ƙauye ne, ya kwashe folda sha huɗu ya juye cikin guda. To kowace folda tana da lamba ɗaya, kowace tana da lamba biyu. Kwamfuta, baiwar Allah, ta tsaya ta tambaye shi, ga masu suna iri guda, in danne na farko? Ya latsa mata i, duka. Da na zo karɓa yana ta fara'a, ya ce, "Kawu Ango, na rage maka shara, duk maimaici ne."

Ɗari biyar da sittin na ba shi, jama'a. Arba'in ya maido mini.

Kuma ba yawan ne ya fi ci mini rai ba. Zagga lamba bakwai, tseren mota ne, cikinshi akwai makin da Ɗanliti ya ci sati guda kafin ciwon ajali ya kwantar da shi, da sunanshi a sama, shi ya rubuta da hannunshi. Duk cika bakina ban taɓa kamo shi ba, kuma duk Juma'a in na dawo masallaci sai na kunna na gwada. Yanzu in na buɗe bakwai, wani wasan kifi ne ke fitowa.

Na uku, kuma shi ne roƙona. Wasu daga abin da na rasa suna nan ga memorin dattawan Kaoje, don ni na tura musu, kuma da lamba suke kamar nawa. In kun miƙa su yau, gobe ba sauran su ko'ina a ƙasar nan. Ku bar kowace folda inda take, ku yi kwafi biyu kafin kowa shi taɓa, guda a kai tudu inda ambaliya ba ta kai. Mai son rubuta sunaye shi rubuta ga takarda, mu faɗa mishi yana rubutawa, hannunshi nesa da madannin kwamfuta. Shugaba, in an ƙi wannan, a cire sunana daga ƙungiya yau, ni zan nuna wa sakatare layin da yake.

Allah shi jiƙan Ɗanliti, shi haskaka kabarinshi. Allah shi tsare mana abin da ya rage, shi ba Malam Zayyanu haƙurin tambaya kafin latsawa, shi maida kowa gidanshi lafiya. Na gode.