Farin Harshen da Ya Sa Na Hana Ɗana Nono

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rifkatu, matar Bitrus mai acaɓa a Roni. Wannan da ke barci a bayana Iliya ne, saboda shi na tsaya gabanku yau.

Yana wata huɗu na duba madubi wata safiya, sai na ga harshena fari fat, kamar an shafa masa kindirmo. Na sa asuwaki na goga, ya ƙi fita. Baki ba ɗanɗano, miyar kuka da ruwan randa duk ɗaya nake jin su.

Kun dai san abin da ake faɗa a wajen niƙa, wai farin harshe alamar ƙanjamau ce. Gabana ya faɗi. Ban gaya wa kowa ba, na jiƙa kanwa da lemon tsami na dirje harshen nan har ya yi jini. Ni da nake neman sauƙi, sai ga shi ko koko ba ya shiga sai ya huce.

Tsoro ya sa na cire Iliya daga nono. Na ce gara ya yi kuka da in shayar da shi ciwo. Na koma ɗura masa kunu da cokali. Yaro ya kama zawo, ido ya zurma. Yana laluben ƙirjina ina kawar da shi, nono ya cika yana min zogi, ni kuka shi kuka. Da Bitrus ya tambaya, cewa na yi ruwan nonon ne ba kyau.

Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ita ta biyo sawu da ta ga ba na zuwa koyon waƙa. Tana ɗaukar yaron ta dube ni, sai kawai na buɗe mata bakina. Ba ta yi min faɗa ba. Muka durƙusa a tsakar gida da rana tsaka, ta ce, "Ya Uba, ka cire wa 'yarka tsoro, ka ba ta ƙafar zuwa asibiti."

'Yan'uwa, ban tashi harshena ya koma ja ba. Amma nauyin da ke ƙirjina ya sauka, har na iya faɗa wa mijina gaskiya. Ya ce ko me aka gani, tare za mu gani. Ya ɗauko mashin muka nufi Kazaure.

Aka yi gwajin ƙanjamau, babu. Aka yi na sukari, babu. Halleluya!

Malamar asibitin ta tambaye ni maganin da nake sha. Na ce kafso ne na kemis, tun da na haihu ko mara ta murɗa sai in haɗiya. Ta ce ai ga ɓarawon nan. Yawan shansa yana kashe ƙwayoyin da ke tsare baki, sai wata irin funfuna ta samu wuri ta yaɗu. Ƙarancin shan ruwa da rashin goge harshe ma suna sa shi fari. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta ce in riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, in goge harshe a hankali, kanwa kuma in bar wa tukunya. Ta ƙara da cewa ko masu ɗauke da ƙanjamau ma ana ba su magani su shayar, ba a yanke hukunci a ɗaka.

Aka duba Iliya, aka ba shi ruwan gishiri da sukari. Sai malamar ta ce, "Maman yaro, ba shi nono yanzu, a gabana."

Na sa shi a nono. Ya kama da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, yana sha yana ajiyar zuciya. Ni kuwa hawaye kawai nake.

Na gode wa Yesu da ya tsare min ɗana daga tsorona. Duk wadda ke ɓoye wani ciwo a cikinmu, ki kai wa Ubangiji, ki tashi ki je a duba ki. Shi mai aminci ne. Ku taya ni cewa Amin.