Sun Ce Waƙar Baba Ta Kowa Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga ƙasar Gwiwa, da gaisuwa ga duk masu sauraro.

Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. In ya yi kiɗa a gayya, da kaka mai gona yake aiko masa da damin gero. Da wannan geron muka girma.

Bara wasu samari suka zo daga Kazaure, suna ta durƙuso. Suka ce, "Baba, waƙa kamar ruwan sama take, ba a sayar da ita. Bari mu ɗauka a waya duniya ta ji." Ni dai ladabin nasu bai kwanta mini ba, amma Baba ya ce ba a kunyata baƙo.

Ba a jima ba ƙanena ya tarar ana tura muryar Baba cikin wayoyin mutane a kasuwar Babura, ana karɓar kuɗi, har da sefa, kuɗin Nijar. Da damina ta zo, masu gayya suka rataye sifika a bishiya, ba wanda ya kira shi. Sifika ba ta cin gero, don haka dami bai zo ba.

Yanzu samarin sun dawo da goro, wai sauran waƙoƙin suke so. Baba har ya ɗauko ganga, ni kuwa na ɓoye sandar kiɗan a rumbu.

Malam, a ba ni shawara. In waƙa kyauta ce, me ya sa kowa ke ci da ita ban da mai ita?